Akwatin tutar soja da abin da kafintocinmu za su iya

Jama'a, akwai wata al'ada ta Amurka da na daɗe ina son mu tattauna a kanta. Idan tsohon soja ya rasu a can, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ce ke ba da tuta kyauta, mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 9 da rabi, a lulluɓe akwatin gawar da ita. Tun shekarar 2000 doka ta ce in iyali sun nema, dole a turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki. Su za su naɗe tutar, ninki 13 bisa al'ada, har ta koma mai kusurwa uku, ba a ganin komai sai shuɗin nan da taurari, sannan su miƙa wa matar mamacin ko ɗansa.

To amma gwamnati tuta kawai take bayarwa, ba ta ba da abin ajiye ta. Nan ne kafintoci suka shigo. Wasu sana'a suke yi, wasu kuwa tsofaffin sojoji ne da 'yan sa-kai da ke ƙera akwatin katako mai fuskar gilashi su ba iyalai kyauta. Aikin ba wasa ba ne fa. Kusurwar sama digiri 90 ce, biyun ƙasa 45 kowacce, don haka sai an yanka bakin katakon a kan digiri 22.5 kafin ya haɗu ba tare da ɓaraka ba. Kuskure kaɗan, a sake sabon lale.

Me ya kawo maganar? Mu ma ai muna lulluɓe gawar soja da tuta. Ku tuna 27 ga Maris 2024, ranar da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a maƙabartar sojoji ta Abuja. Shugaba Tinubu ya halarta, ya yi alƙawarin gidaje da tallafin karatu ga 'ya'yansu. Tambayata ita ce, tutar da ta shiga hannun iyali, ina take ƙarewa? In ba a yi mata mazauni ba, ƙasan adaka za ta, gara da ɓera su yi rabonta.

Na san abin da wasu za su ce: malam, katako zai ciyar da maraya ne? Wallahi ba zai ciyar ba. Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke kwana a kan tebur, kuma duk mun ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. A biya su, wannan ba roƙo ba ne. Sai dai biyan haƙƙi aikin gwamnati ne, akwatin nan kuwa bai fi ƙarfin unguwa ba. Yaron da aka bari yana goyo, in ya kai shekara goma, ya kamata ya ga wani abu a bangon ɗakinsu da sunan ubansa a jiki. Masu cewa ya yi kama da bautar tuta kuma, haba dai. Ajiye takobin kaka a gida ai ba shirka ba ne.

Kowace 15 ga Janairu muna maƙala bajon tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, kowa ya watse. Ga kafintoci jibge a Panteka ta Kaduna, ga maɗaci mai jure gara. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, ita za ta iya nuna gidajen. Abin da ya rage ma'auni ne, tunda tamu tutar kore-fari-kore ce kuma girmanta daban, sai an auna an fitar da samfuri. Duk kafintan da ke nan, ya faɗa mana nawa ɗaya zai ci, har da gilashi da ɗan allon suna. Na ɗauki nauyin biyun farko.