Jinin Da Aka Ajiye Da Suna

A hutun bara aka kwantar da kawuna a wani asibiti domin a yi masa aikin gwaiwa. Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai an kawo jini leda biyu. Daga Gesse muka bazama neman 'yan'uwa har Argungu, aka ɗage aikin mako guda. Da aka yi shi kuwa, ko ɗigo ba a ƙara masa ba.

Ban ga laifin likitan ba, tsoron ɓacin rana ne ya sa shi. Amma fa ledar da aka gwada dacewarta da jinin majiyyaci, aka rubuta sunansa a kanta, ware ta ake yi kwana ɗaya ko biyu, ba a ba kowa. Alhali kuwa galibin jinin ajiya kwana 35 yake yi a firji ya lalace, matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa kuma tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu.

Tun 1976 wani likita a Amurka, Friedman, da abokan aikinsa suka kawo shawarar jadawali: asibiti ya duba littattafansa, ya ga yawan jinin da kowane irin aiki ya saba ci, ya ƙayyade abin da za a nema. Ƙaramin aiki irin na gwaiwa, a san rukunin jinin mutum, a tantance shi, shi ke nan. Ma'aunin da aka yarda da shi kuwa, cikin leda biyar da aka gwada, a ƙara biyu aƙalla. Wannan ba ya bukatar sabuwar na'ura, sai rajista da niyya. Ku da kuka kama aiki a Ma'aikatar Lafiya, ku tambayi asibitocin Birnin Kebbi ko suna wannan lissafi.

To, amma likita ba zai saki jiki ba muddin firjinsa wayam yake. An kafa Hukumar Jini ta Ƙasa da doka a 2021, sai dai doka ba ta cika leda. Lafiyayyen namiji mai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya ba da mililita 450 duk bayan wata uku. Mu da muke cika zaure da muhawara, nawa ne a cikinmu suka san rukunin jininsu? Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta buɗe rajistar masu ba da jini kyauta kafin 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya. A fara da sunana, rukunina O ne.