Sumela: Amanar da Masu Ibada Suka Bari

A arewa maso gabashin Turkiyya, kusa da birnin Trabzon, akwai wani gidan sufayen Kirista da ke manne a jikin dutse kamar sheƙar tsuntsu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Sunansa Sumela. Mabiyansa na cewa tun ƙarni na 4 aka kafa shi, amma a ƙarni na 14 ya bunƙasa, zamanin Sarki Alexios na III.

Da Sarki Muhammad Alfatih ya ci Trabzon a 1461, bai kori sufayen ba. Sarakunan Usmaniyya da suka biyo baya ma suka ci gaba da ba su kariya. Fiye da shekara 450 suna ibadarsu a ƙarƙashin mulkin Musulmi.

Siyasar zamani ce ta raba su da wurin. A 1923 aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, Kiristocin yankin suka tashi. Kafin su tafi sun binne hoton Maryamu da suke girmamawa, daga baya aka tono shi aka kai Girka. Gidan ya zama kango: gobara ta ci katakonsa, masu farautar dukiya suka yi ta tone-tone, masu yawo suka karce sunayensu a kan zanen bango.

Gwamnatin Turkiyya ta mai da shi wurin tarihi, kuma ta kyauta. A ranar 15 ga Agusta 2010 aka bar shugaban cocin Otodoks, Bartholomew, ya jagoranci addu'a a can, karon farko cikin kusan shekara 90. A 2015 aka rufe shi don gyara saboda faɗowar duwatsu, aka sake buɗewa bayan 'yan shekaru.

Sai ga shi a 2022 an ga bidiyon kiɗa da rawa da aka ɗauka a harabarsa, har Girka ta yi ƙorafi. A nan na tsaya. Tafiyar mai gida ba ta halatta wa baƙo ya yi yadda ya ga dama da ɗakinsa. A karɓi masu yawon buɗe ido, a sayar da tikiti, a yi gyara da kuɗin. Amma wurin da mutane suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kiran Ubangiji ba dandali ba ne.

Wanda zuciyarsa za ta yi zafi idan aka yi rawa a tsohon masallacin Kurɗuba, ya kamata ta yi zafi a kan Sumela. Alfatih ya riƙe wannan amana da takobi a hannunsa. Jikokinsa ba su da uzurin sakinta.