In Makuwa Ta Same Ka a Daji

Ya ku iyaye da yara masu karatu, kaka ta wuce, hunturu ya kama. Yanzu ne mata da 'yan mata za su yawaita fita neman itace, yara kuma su bi awaki nesa da gari, gama ciyawar kusa ta ƙare. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kan makuwa, wato mutum ya rasa hanyar gida a daji. Mun sa 'yan'uwanmu na Tsaskiya a rai, da sauran ƙauyukan Safana da Batsari waɗanda ke zaune a bakin Dajin Rugu.

Dajin nan ba ƙarami ba ne. Ya bi yammacin Jihar Katsina tun daga wajen Jibiya har Faskari, ya ratsa cikin Zamfara. Shekaru ke nan 'yan bindiga suka mai da shi maɓoya, ba mu kuwa ba kowa shawara ya shiga. Amma ba kullum mutum ke zaɓar shiga daji ba. A daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka afka wa makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe yara fiye da 300, waɗansu da yawa sun tsallake katanga sun watsu cikin daji a duhu. Haka yake faruwa a ƙauyuka: a yi gudun ceton rai da dare, gari ya waye mutum bai san inda yake ba.

In ka ga ka yi makuwa, abu na fari shi ne ka nemi inuwa ka zauna. Hankali in ya tashi ƙafa takan so gudu, gudun nan kuwa shi ke ƙara nisa ya kawo ƙishi. Tsofaffi sukan ce iskoki ne ke juya wa mutum daji, shi ya sa yakan wuni yana tafiya ya komo gindin itacen da ya bari. Komowar gaskiya ce, amma dalilinta ba ɓoyayye ba ne. A 2009 masu bincike a Jamus suka ba da labarin gwajin da suka yi: sun sa mutane tafiya cikin kurmi, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda ke ganin rana suka miƙe sosai. Waɗanda gizagizai suka rufe musu ita suka riƙa kewayawa, suna kuwa tsammani a miƙe suke. Ashe ƙafar ɗan Adam ba ta iya miƙewa sai ido ya sami abin da zai riƙe.

To, bayan ka huta, sai ka nemi gabas. Ga mutumin Tsaskiya wannan shi ne rabin aikin, domin dajin yana yamma, gonaki da garuruwa da hanyar Dutsin-Ma suna gabas. Da safe da yamma rana ta ishe ka. Da tsakar rana kuwa ka kafa sanda a fili, ka ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Ka jira kamar minti 20, ka sake ajiye wata inda inuwar ta koma. Tsakuwa ta fari tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. In hazo ya rufe rana, ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Da damina kuma hadari yakan taso daga gabas. Da asuba, a watannin da Gamzaki ke fitowa, a gabas za ka gan shi.

Sa'ad da ka san gabas, kada ka yi tafiya kai a sunkuye. Ka zaɓi wani itace ko dutse a gabanka, ka je wurinsa, ka sake zaɓen wani. Ka riƙa duban kunyoyin noma da karan gero da itatuwan gawo da ɗorawa, gama su ne alamar ƙasar noma. Kuka ba abin dogara ba ce, sau da yawa a kufai take. Ka kasa kunne da sassafe, carar zakara da sautin daka da kiran salla suna kai nesa.

Yanzu sai mu zo inda shawarar dā ta canza. Littattafan Turawa sukan ce wanda ya ɓata ya bi rafi ya gangara, zai kai shi gari. A wannan yanki ruwa yamma da arewa yake gangarawa, ya nufi Gulbin Rima, wato yana iya kai ka cikin dajin sosai. Amfanin rafi a gare ka shi ne ruwan sha: ko ya ƙafe, ka tona yashi a inda ya yi gwiwa. Dā kuma akan ce a bi burtali, a yi kururuwa, a hura wuta domin hayaƙi ya nuna inda mutum yake. A kusa da gari har yanzu wannan daidai ne. Amma a cikin Rugu, burtali ko sawun babura da ya nufi yamma yana iya kai ka hannun waɗanda kake gudu, hayaƙi kuma ba ya zaɓen mai ganinsa. Wayar hannu ma kada a jingina da ita gaba ɗaya. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Safana da Batsari, aka yi watanni haka. Ko yanzu da layi ya komo, caji yakan ƙare.

In dare ya yi maka, ka kwana inda kake. Kububuwa da dare take yawo, rami kuma ba ya ganuwa.

Sauran maganar ta masu gida ce. Kada mai fita ya fita sai ya faɗi wajen da ya nufa da lokacin da zai komo, ya tafi da gorar ruwa da abokan tafiya. In la'asar ta yi ba a ga mutum ba, kada a jira magariba domin jin kunya. A gaya wa mai unguwa, shi zai sanar da jami'an tsaro ya kira maharba waɗanda suka san dajin. Kada uba ya ɗauki tocila ya shiga shi kaɗai, a wayi gari ana neman mutum biyu.

Ƙaramin yaro kuwa dokarsa dabam ce. Ba zai iya lissafin gabas da yamma cikin tsoro ba, saboda haka a koya masa ya zauna gindin itace ɗaya har a zo, ya kuma haddace sunan ƙauyensu da na mahaifinsa. Waɗanda suka kai shekara 10 sai a fito da su tsakar gida wata rana da hantsi, a ba su sanda da tsakuwa biyu, su gwada da hannunsu.