Giya Ba Ta Maganin Firgita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kwanan baya wani attajiri ya same ni a zaure da kukan ƙanensa, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. A tarzomar Kaduna ta watan Fabrairu 2000, wadda aka rasa rayuka fiye da 1,000 a cikinta, an sare shi a ka, aka kuma kashe abokin aikinsa a gaban idonsa. Raunin ya warke, amma barci ya ƙaurace masa. Da masaƙun suka rurrufe, ta KTL a 2002, ta UNTL a 2007, sai zaman banza ya haɗu da rashin barci, wani ya nuna masa kwalba. Yau ga shi abin da aka faɗa masa da safe ba ya kai azahar a kansa. Attajirin ya ce, "Malam, mun yi nasiha, mun yi ruƙiyya, yanzu shawara ake a kai shi gidan mari."

Na ce masa kada a yi, domin cuta biyu ke jikin bawan Allahn nan.

Ta farko ita ce ciwon firgita. Wanda ya ga kisa, ko ya tsallake rijiya da baya, yakan shekara da shekaru yana mafarkin abin. Tayar mota ta fashe ya zabura, ya riƙa kauce wa hanyar da abin ya faru, ga saurin fushi. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa wannan cikin jerin cututtuka a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Tun kafin su, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki a matsayin cututtukan rai masu bukatar magani. Sara a ka kuwa, shi kansa yakan bar farfaɗiya ko mantuwa ko canjin hali.

Ta biyu ita ce giya. Takan kawo barci da farkon dare, ta tsinka shi kafin asuba, mutum ya tashi cikin fargaba, gobe ya ƙara yawa. In an daɗe, sai ta hana jiki amfana da bitamin B1, wanda ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Daga nan ƙafafu su riƙa mutuwa, tafiya ta zama tangaɗi ko ba a sha ba, sabon abu ya daina zama a ka. Irin wannan mantuwa sau da yawa ba ta warkewa sarai.

Haramcin giya a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid ya nemi izinin yin magani da ita, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Amma Bukhari ya ruwaito labarin wani da ake yawan kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ashe ƙin zunubi daban, yar da mai zunubi daban.

Saboda haka, 'yan'uwa, a kai irin wannan mutum asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, maƙwabciyar Kakuri. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada a kulle shi a ɗaki a yanke masa rana ɗaya, domin cikin kwana 2 zuwa 3 makyarkyata da farfaɗiya da ruɗewa na iya kashe shi. A bar wa likita wannan. Mari kuwa, mun ga abin da aka tarar a Rigasa a watan Satumba 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, wasunsu cikin sarƙa.

Alhazan kasuwa da shugabannin ofis, in yaronku ya canja bayan wani tashin hankali, ku tambaye shi yadda yake kwana kafin ku sallame shi. Addu'a da neman magani tare suke tafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da garinmu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.