Ƙafar Da Ke Bin Motar Ɗan Siyasa Ta Iya Gudu Don Mabuƙata

Abin takaici ne saurayi ya fito bayan Asuba yana atisayen gudu a hanyar Bagudo zuwa Kaoje, wasu su ce ya zautu ko yana kwaikwayon Nasara. Ina bakinsu yake in samari na bin motar ɗan siyasa saboda ɗari biyar, ko suna keta daji da jarkokin fetur zuwa Benin?

Manzon Allah (S) ya yi tsere da Nana A'isha. A 1980 Terry Fox, saurayi ɗan Kanada mai ƙafar roba, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 don tara kuɗin binciken maganin ciwon daji.

A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Bagudo. Irin waɗannan manoman ne suka cancanci a yi gudu dominsu. Sai dai kilomita 42 ba wasan yara ba ne: watanni ake yi ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Kowace kilomita a nema mata mai biya, abin da aka tara kuma a karanta shi a bainar jama'a, kwabo bai yi ciwon kai ba.

Masu zunɗe kuwa, ko su shigo sahu, ko su kauce daga hanya!