Yaushe Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sake Hotonsa?

A kowace ma'aikata ta ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, akwai dosiye mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, a goshinsa kuma an manna ɗan hoto. Sau da yawa hoton nan shi ne wanda mutum ya ɗauka lokacin da zai shiga kwankur, yana saurayi, ko gemu bai tsiro masa ba. Shekara ashirin ta wuce, furfura ta fito, jiki ya sake, amma duk sa'ad da aka nemi hoto sai ya ɗauko tsohon nan ya kai a sake wanke masa. Ga ido abin ba shi da nauyi. To amma irin wannan sakaci kan tsayar da albashin mutum a bakin banki, ko ya jawo masa dogon bincike a filin jirgin sama ranar da aka aike shi taro ƙasar waje.

Ya kamata a rarrabe hoto iri biyu. Akwai hoton ado, irin wanda Seydou Keïta ya shahara da shi a Bamako tun 1948, ko wanda Philippe Koudjina ya riƙa ɗaukar mutanen Yamai a shekarun 1960 da 1970. Wannan na tunawa ne, kuma daɗewa ƙara masa daraja take yi. Akwai kuma hoton aiki, wanda asalinsa dabam ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne hukumomi suka wajabta manna hoto a fasfo, Amurka a ƙarshen 1914, Ingila a 1915, domin wanda bai taɓa ganin mutum ba ya iya gane shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hoton aiki shaida ne, ranar da ya daina kama da mai shi kuwa, shaidarsa ta faɗi.

Ƙasashe da yawa sun yanke wa'adi a kan wannan magana. Faransa da Amurka ba su karɓar hoton fasfo ko na biza da ya wuce wata 6 da ɗauka. Fasfon Nijar kuwa shekara 5 yake yi, sannan a sake shi da sabon hoto. Daga nan ma'aikaci zai iya ɗaukar ma'auni: kada hoton da ke katinsa na aiki, ko dosiyensa, ko shafinsa na intanet irin su LinkedIn, ya zarce shekara 5. Matasa ma su rage, domin fuskar ɗan shekara 18 kan sake sosai kafin ya kai 25, alhali ta dattijo a hankali take sakewa.

Amma lissafin shekaru kaɗai bai isa ba, madubi ma alƙali ne. Wanda ya tsayar da gemu ko ya aske shi, wanda doguwar jinya ta ramar, wanda haɗari ko aikin likita ya bar wa tabo a fuska, duk ya kamata su je wurin mai hoto ko da hoton bara ne ke hannunsu. Haka nan wanda matsayinsa ya sake. Malamin makaranta da ya zama darakta, ko jami'in da aka ƙara wa girma, bai dace jarida ta buga labarin naɗinsa da hoton da ya ɗauka a bikin abokinsa ba, ko da kakin muƙamin da ya riga ya bari. Wanda zai zo biro neman shugaban ma'aikata yana da hakkin ya san fuskar da zai tarar. Akwai hanya mai sauƙi ta gwadawa: a miƙa hoton ga wanda bai san mutum ba, in ya tsaya yana duban hoto yana duban fuska har sau biyu ko uku, lokacin sakewa ya yi.

Wata sabuwar illa ta shigo tare da wayar salula, wato gyaran hoto. Yau mai hoto kan haskaka fata, ya share tsagar gado, ya goge alamun tsufa, ya rage kumatu, har a fito da wani mutum wanda ko mahaifiyarsa sai ta yi tambaya. Irin wannan hoto ya fi tsohon hoto haɗari, domin tsohon ya taɓa faɗin gaskiya wata rana. Kuma yanzu ba idon ɗan Adam kaɗai ke dubawa ba. A manyan filayen jirgin sama na'ura ce ke gwada fuskar matafiyi da hoton da ke cikin fasfonsa, tana auna ƙirar ido da hanci da haɓa. Shi ya sa hukumar duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wadda ke da mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ta shimfiɗa ƙa'ida: a dubi gaba sosai, ido a buɗe, baki a rufe, bango fili ba zane. Amurka ta hana sa tabarau a hoton fasfo tun 2016. Jamus kuma daga 2025 ta daina karɓar hoton takarda don fasfo da katin ɗan ƙasa, sai wanda aka aiko ta na'ura, domin a toshe hanyar masu haɗa fuskar mutum biyu cikin hoto ɗaya. A nan Nijar ma, rajistar masu zaɓe ta 2020 da ɗaukar hoto da zanen yatsu aka yi ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau kuwa ya ƙara ƙurewa.

Wani zai ce duk wannan ƙarin ɗawainiya ce ga talaka, kuma maganarsa tana kan hanya. Mutumin ƙauye da zai biya kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Tawa, ya biya mai hoto, ya sayi tambur, jika ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Saboda haka nauyin ba a kan mai hoto kaɗai yake ba. Wajibi ne ma'aikatu su daina neman hoto huɗu a kan kowace ƴar takarda, su nema inda shaida ke da amfani, su kuma rubuta sharuɗɗan a bakin ƙofa cikin harsunan ƙasa, don kada a mai da mutum gida bayan ya kashe kuɗinsa. A kuma bayyana wa mata cewa ƙa'idar duniya ba ta hana ɗankwali ko lulluɓi ba, muddin fuska na buɗe daga goshi zuwa haɓa, ko da yake Faransa kai a buɗe take nema a takardunta. Masu kula da dosiye su ma su riƙa duba su lokaci-lokaci, domin dosiyen da hotonsa bai kama da kowa ba shi ne mafakar mai karɓar albashin wani da mai rubuta jarrabawa da sunan wani.

Furfura ba abin kunya ba ce, shaidar shekarun da aka yi ana bauta wa ƙasa ce. Kowane ma'aikaci ya ɗauko katinsa ya duba tun yana da sarari, kada ya jira ranar da takardar tafiya ko ta ritaya za ta iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.