Kuɗin Dakon Mai Ya Dawo Wuyan Ɗan Kibiya

A makon jiya wani manomin rani ya tare ni a hanyar Rano zuwa Kibiya, da jarka biyu ɗaure a bayan babur. Ya ce, "Malam, me ya sa man ɗan Legas ya fi namu araha, alhali ƙasarmu ɗaya?" Amsar tana cikin wani asusu da yawancinmu ba mu san da zamansa ba sai da ya kwanta dama.

A 1975 gwamnatin soja ta kafa asusun daidaita farashin mai, wato PEF. A zamaninsa kamar adashi yake, sai dai ba kowa ke ɗauka ba. A kan kowace lita akwai 'yan kuɗin da ake cirewa a zuba. Dillalin da gidan mansa ke gindin defo zubi kawai yake yi. Wanda tankarsa ta taso daga Legas ta kwana a hanya kafin ta shigo Kano, shi ake mayar wa kuɗin dako. Da haka lita ta zama kuɗi ɗaya daga Apapa ta Legas har Rano, a takarda dai, domin mu da muka sha sayen galan a hannun 'yan bumburutu mun san takarda daban, famfo daban.

Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya sa lita naira 488 a Legas, 540 a Kano. Daga nan ne nisa ya fara cin kuɗi a fili.

Ba na cikin masu kukan a dawo da tallafi. Amma tallafi daga baitulmali yake fita, kuɗin dako kuwa mai sayen mai ne ya biya tun a famfo. Shi ya sa da ƙungiyar dillalan mai ta IPMAN ta ba hukumar wa'adin kwana bakwai a Fabrairun 2025 kan bashin dako na naira biliyan 100, tambayata ɗaya ce: an karɓi zubi, ina aka ajiye shi? Ya kamata hukumar ta fito da lissafi, nawa ya shiga, wa aka biya, wa ke bi.

Dillali ba ya asara, kan lita yake mayar da kuɗinsa. Mutumin nan mai jarka ya ce bana rabin gonarsa kawai zai yi wa ban ruwa.